Tsohuwar Corolla Ko Jif Mai Ja Da Taya Huɗu: Wacce Ta Dace Da Hanyarka A Kaduna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Rigasa, ina aiki a cikin gari, kuma ina da 'yar gona a bayan Kujama. Motata Corolla ce ƙirar 2005, shekara bakwai tana hannuna. A daminar bara sau biyu tana kafewa a hanyar gona. Yanzu wani dillali ya kawo mini RAV4 ƙirar 2015, tokumbo, mai AWD, wato mai ja da taya huɗu. In sayar da tawa in cika kuɗi in karɓa, ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a je maganar kuɗi, riƙe adadin nan da ka faɗa da bakinka: sau biyu a damina guda. A kansa za mu auna komai. AWD abu ɗaya tak take yi maka, ta fizge ka daga inda ƙasa ke santsi. Kuɗin wannan abu ɗaya kuwa rani da damina za ka riƙa biyansa, a gidan mai, a wajen mai taya, a wajen juye.

Mu fara da abin da dillalin yake sayar maka. A bakin mutanenmu duk mota mai tsayi jif ce, duk jif kuma fowil ce, wato taya huɗu take ja. In an leƙa ƙarƙashi sai a ga bambanci. Hilux da Land Cruiser suna da ƙaramar giya ta biyu, ko maɓalli, mai alamar 4H da 4L. Wannan 4L ɗin ita ce giyar ƙarfi, mota ta riƙa rarrafe kamar tarakta, ta hau tudu da buhuna a bayanta. RAV4 ba ta da ita. Injinta a gicciye yake kamar na Corolla ɗinka, kuma tayoyin gaba yake ja. Abin da aka ƙara mata ɗan akwati ne a jikin giyabos, ana ce masa tiransifa, daga nan doguwar farfela ta bi ƙarƙashin mota har aksil ɗin baya. A bakin aksil ɗin akwai wani kuloci mai faya-fayai da yawa wanda lantarki ke matsewa. Kowace taya tana da sensa mai ƙirga juyawarta. Da kwamfutar motar ta ga tayar gaba ta fara zamewa, ko ka taka totur da ƙarfi daga tsaye, sai ta matse kulocin, ƙarfi ya tafi baya, iyakarsa rabi. Da taya ta kama ƙasa sai ta sassauta. Ke nan a kan busasshiyar kwaltar Ali Akilu ko titin Nnamdi Azikiwe, motar jan gaba kake tuƙawa, ƙarafan baya kaya ne kawai take ɗauke da su.

Akwai maɓalli a dashbod mai rubutun LOCK. In ka danna, kulocin zai kama sosai tun kafin taya ta zame, amma da gudu ya wuce kilomita 40 a awa zai saki da kansa. Kafin a shiga caɓi ake dannawa. Da yawa sai sun nutse har gindin ƙofa suke tunawa da shi. Kuma kulocin nan bai wuce girman ƙaramar tukunya ba. In ka tsaya a laka kana ta banka mata wuta, taya na wulwulawa, zai ɗau zafi, fitilar AWD ta fara ƙiftawa, kwamfuta ta cire baya gaba ɗaya don kada ya ƙone. Ka koma mai jan gaba ke nan, sai dai wannan karon da nauyin kusan kilo 1,600 maimakon 1,150. Samarin ƙauyen da suka tura maka Corolla su huɗu, yanzu sai an nemo takwas, ko a jira tarakta.

Ga tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, kuma kai kaɗai ka san amsarta: da Corolla ta kafe, tayar ce ta rasa abin kamawa, ko cikin motar ne ya zauna a ƙasa? Yawancin hanyoyin gonakinmu tifa da tarakta da motocin gawayi sun haƙa layi biyu, tsakiya ya yi doro. Ƙaramar mota na shiga sai cikinta ya hau doron, tayoyi su yi reto. A wannan halin ko taya huɗu ke ja, babu abin da za su ja a kai. Tsayin ciki ne magani. To a nan ne mutane ke mamaki: Corolla irin taka tana da kusan santimita 14 da rabi tsakanin cikinta da ƙasa, RAV4 ta 2013 zuwa 2018 kusan 16. Bambancin kusan faɗin yatsa ɗaya ne kawai. Ta 2006 zuwa 2012 ma ta fi ta tsayi, kusan 19, sai daga 2019 suka sake ɗaga ta ta haura 20. Gaskiya ne RAV4 tana da babbar taya da hanci mai tashi, ba ta saurin buga bamba a bakin kwata, kuma Corolla mai shekara ashirin in ta ɗau mutum biyar da buhun taki biyu a but sai ta durƙusa, abin da ya rage mata bai taka kara ya karya ba. Amma kada tsayin rufi ya rufe maka ido. Durƙusa ka duba ƙasa.

Ka tuna Fijo 504 da aka yi ta haɗawa a nan Kakuri, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Taya biyu take ja, amma babu ƙauyen da ba ta shiga ba, saboda tsayin ciki da doguwar shoka mai laushi. Har gobe Golf 3 ce ke lodin kasuwannin ƙauye da damina, ita ma taya biyu.

Sai wani abu mai yaudarar masu sabuwar jif. AWD ba ta ƙara wa birki komai. Kowace mota da taya huɗu take tsayawa, har Corolla. Haɗarin ma shi ne mota mai tashi ba tare da zamewa ba tana ɓoye wa direba santsin hanya. A ruwan farko na Afrilu, lokacin da ƙurar rani da ɗigon mai suka kwaɓe a kan kwalta, Corolla za ta gargaɗe ka tun a tashi da karkarwar taya. Jif za ta tashi lafiya lau, sai ka zo shataletale ka taka birki sannan za ka san inda kake.

Yanzu kuɗin kullum. A gwajin hukumar Amurka, Corolla mai atomatik ta wancan zamanin tana yin kusan kilomita 11 da lita ɗaya a cikin gari, 15 a babbar hanya. RAV4 mai AWD kusan 9 a gari, 12 a hanya. A cunkoson titin Ahmadu Bello da yamma, ga AC a kunne, duka biyun ba za su kai haka ba. A ƙaddara kana yin kilomita 1,000 a wata, aiki da kai yara makaranta da gona, Corolla na ba ka 10, RAV4 na ba ka 8. Lita 100 ke nan da lita 125. Bambancin wata lita 25, na shekara 300, wato cikin tankin RAV4 sau biyar, tunda lita 60 yake ɗauka. Ka ninka da farashin yau. Kafin cire tallafin mai a Mayun 2023 ana iya kau da kai daga wannan lissafi. Mai albashi yau ba zai iya ba.

Amma inda ya fi kamata ka buɗe kunne shi ne taya, don nan ne dabi'armu ta tsohuwar mota ke kashe AWD. Mai Corolla in taya ta fashe sai ya tsaya wajen mai faci ya ɗauki Beljiyam guda ɗaya, ko wane kamfani ce, in dai ta shiga rim. Motar ba ta damu ba, tayoyin bayanta bin sahu kawai suke yi. A AWD tayoyin gaba da na baya a haɗe suke ta farfela da kulocin nan, kuma kwamfuta na kwatanta juyawarsu a kowane daƙiƙa. Tayar RAV4 ita ce 225/65 R17, ko 235/55 R18 a wasu. Ta farkon faɗinta daga sama zuwa ƙasa kusan milimita 724 ne, tana juyi kusan 440 a kilomita ɗaya. Sabuwa zanenta na da zurfin kusan milimita 8. A ce ka sa sababbi biyu a gaba, ka bar tsofaffi masu milimita 3 a baya. Faɗinsu ya bambanta da milimita 10, wato na baya za su riƙa fin na gaba juyi kusan shida a kowace kilomita. Daga Kaduna zuwa Abuja, kusan kilomita 190, juyi sama da dubu ɗaya ke nan da faya-fayan kulocin nan za su shanye ta hanyar gugar juna. In kuma mai taya ya ce, “Alhaji, 225/60 ce gare ni, ai duk 17 ce,” ka karɓa, bambancin ya kai kashi uku cikin ɗari, ya ninka na farko. Ba ranar za ta lalace ba. A hankali za ka fara jin kuka daga baya, sai karkarwa in ka karya kwana, wata rana fitila ta kama.

Saboda haka a AWD taya huɗu ake saya tare, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, zane ɗaya. Duk kilomita 8,000 a sauya musu wuri, na gaba su koma baya, don su cinye tare. Iska kuma a bi takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba: 33 a ma'aunin iska ga tayar rim 17, Corolla kuwa 30. Masu faci da yawa 45 ko 50 suke durawa da sunan taya ta yi ƙarfi, sai tsakiyarta ya cinye, riƙonta ya ragu a jiƙaƙƙiyar kwalta, shoka da bushin su sha dukan. Ka sayi ɗan ma'aunin iska ka ajiye a aljihun mota. Ka kuma koyi karanta shekarar taya: lambobi huɗu a gefenta, misali 2319, ma'ana sati na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta na ƙyalli, robarta ta bushe, kuma zafin kwaltar Maris ba ya yafe mata. Safayar RAV4 'yar Amurka siririya ce ta wucin gadi, ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, kuma zuwa wajen mai faci kawai aka yi ta. Taya huɗu na rim 17 in ka tambayi kuɗinsu ka kwatanta da 195/65 R15 na Corolla, za ka gane abin da ake nufi da kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

In mota ta mace a hanya ma akwai bambanci. Corolla janwe zai ɗaga gabanta ya ja ta a kan tayoyin baya, babu komai. AWD sai a ɗora ta gaba ɗaya a kan mota mai shimfiɗa. In aka ja ta taya biyu a sama biyu a ƙasa, ana iya ƙona kulocin baya kafin a kai gareji.

Sai mai. A Corolla ka saba da baƙin mai, man giya, man birki da na sitiyari. RAV4 ta ƙara maka wurare biyu da kusan babu mai tunawa da su: tiransifa da aksil ɗin baya. Kowanne kusan rabin lita yake sha, man giya 75W-85 mai alamar GL-5. Rabin lita ba shi da rara. In sil ya fara tsiyaya, cikin 'yan watanni ya bushe. A hanyoyinmu a juye su duk kilomita 30,000 zuwa 40,000, kuma duk ranar da ka ratsa ruwa mai zurfi a buɗe a duba. Dalili: aksil yana da ɗan hancin numfashi a samansa. In ya ɗau zafi ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta wannan hancin. Ka kwance kusar juyewa ka ga mai ya fito fari-fari kamar koko. In an bar shi, boris ya yi tsatsa, kuka ya fara. Daga nan ne wani bakanike zai ce a cire farfelar, wai ba ta da amfani, mai ma take ci. Shi ya sa jif da yawa ke yawo a garin nan da AWD a rubuce a bayansu, ƙarƙashinsu wayam.

Maganar ruwa, tunda Agusta da Satumba kwatocin Rigasa da Tudun Wada kan cika su hau titi: jif ba kwalekwale ba ce. Ruwan da ya wuce tsakiyar rim, a juya. Bakin shaƙar iskar inji yana gaba, bayan fitila, kuma in keke ko bas ta zo ta gabanka ta turo igiyar ruwa, kofi ɗaya ya isa ya lanƙwasa sandar fistin, don ruwa ba ya matsuwa. In inji ya mutu a cikin ruwa, kada a sake murza makulli. A tura ta waje, a cire filogi huɗun, a juya inji ruwan ya fita, a duba baƙin mai.

Giyabos ɗin Corolla mai giya huɗu ne, yana da sandar awo, kuma man da yake sha, T-IV, kowane shago na da shi. Na RAV4 giya shida ne, man WS yake sha, ba shi da sandar awo. Ta ƙasa ake auna shi, mota a daidaice, mai a wani zafi na musamman da ake karantawa a na'ura. Wanda ya zuba da ƙiyasi ko dai ya cika shi ya yi kumfa, ko ya rage shi faya-fayai su ƙone. In kuma hankalinka ya karkata ga CR-V, ka sani aksil ɗin bayanta nasa man daban ne na Honda, in an zuba man giya na gama-gari zai riƙa gurnani a kwana, kuma daga ƙirar 2015 giyarta CVT ce, irin atomatik ɗin da ke aiki da bel ba tare da matakan giya ba, wadda ba ta yafe kuskuren mai ko kaɗan.

Baƙin mai: injin Corolla, 1ZZ mai lita 1.8, kusan lita 3.7 yake sha, 5W-30 aka rubuta masa. Na RAV4, 2AR mai lita 2.5, lita 4.4, kuma 0W-20. Al'adar zuba 20W-50 a kowace mota da hujjar ƙasarmu akwai zafi daga zamanin 504 aka gaje ta. Injin 2AR yana amfani da ƙarfin mai wajen sauya lokacin buɗewar bawul, ta ƙananan hanyoyi masu siririn rariya. Mai kauri da sanyin asubar hunturu ba ya isa can da wuri, sai ka ji ƙarar kaca-kaca a tashi. In 0W-20 na gaskiya ya yi wuyar samu, 5W-30 mai kyau ya fi 20W-50 nesa ba kusa ba. Filtarsa ma ba ta gwangwani ba ce, takarda ce a cikin murfi mai nasa sifana. Yaron gareji ya sa guduma da kurfi sai ya tsaga murfin. Da ƙurar Disamba zuwa Fabrairu, juye duk kilomita 5,000, filtar iska kuma a duba ta kowane wata. Kada a yarda a cire tamostat ko a haɗa fanka kai tsaye: inji ba zai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu sanyi ne, ta yi ta ƙara mai. Lagireto kuma ruwansa mai launin hoda, ba ruwan rijiya ba, wanda ke cin famfon ruwa da top silinda.

Corolla ɗinka ita ma ba waliyyiya ba ce. Wasu 1ZZ in sun tsufa suna shan baƙin mai ta ringi, gaskit ɗin bututun shaƙar iska yana yoyo, wajen tenshinan sarƙa yana tsiyaya, kujerun inji suna tsagewa. Amma duk bakaniken da ke Kurmin Mashi ya san su kamar yunwar cikinsa, kayan kuma suna nan a Panteka da Oriakpata, sabo da Beljiyam, ka zaɓa. Bayanta ƙarfe ɗaya ne a gicciye da bushin biyu. Bayan RAV4 hannaye ne da yawa, kowanne da nasa bushin, ga shaf biyu, ga boris ɗin tsakiyar farfela, kuma sai an yi alaimen na taya huɗu. Gargadar burji tana cin su ɗaya bayan ɗaya.

Lantarki kuma sai a yi hattara da hannun da ke taɓa ta. Cire kan batir inji na aiki don gwada caji, ko yin walda a salansa ba a cire batir ba, na iya ƙona birenbos, wato kwamfutar motar. Ga wani abu da masu RAV4 da yawa ba su sani ba: in fitilar inji ta kama, ko a kan ƙaramin abu ne kamar sensar salansa ko murfin tanki, sau da yawa kwamfuta kan kashe AWD da na'urar hana zamewa har sai an gyara. Haka in wayar sensar taya ta tsinke, wanda kan faru in an canja boris da gaggawa. Corolla za ka yi shekara da fitilar inji a kunne tana kai ka aiki. A RAV4 wannan fitilar na nufin abin da ka biya kuɗi dominsa yana barci.

Duk da haka akwai inda sabuwar ta yi wa tsohuwar fintinkau, kuma zalunci ne a ɓoye shi. Tsaron rai. Corolla 2005 jakar iska biyu gare ta a gaba, wasu ma ba su da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi. RAV4 daga 2013 tana da jakar iska takwas, da ABS, da VSC, na'urar da in mota ta fara juyawa da gindi a kwana take taka birkin taya ɗaya ta dawo da ita layi. Amurka ta wajabta irin wannan na'ura a ƙananan motoci daga ƙirar 2012. Ga mai bin hanyar Abuja ko Zariya zuwa Kano kowane sati da iyali a baya, wannan hujja ce mai nauyi, ta fi ta laka nauyi a wajena. Sai dai ka lura, ba AWD ce ta kawo wannan ba, shekarar ƙira ce. Corolla ko Camry ta 2012 zuwa sama, ko RAV4 mai jan gaba kaɗai, duk suna da shi ba tare da farfela da aksil ba.

To ga hukuncina a kan halinka. Kafewa biyu a shekara ba ta kai a sayar da motar da ka san ciwonta ba. Ka kashe ɗan abin da bai kai kuɗin tayoyin jif ba ka tashe ta. A canja sifirin da shoka huɗun in sun kwanta, wannan kaɗai kan dawo da tsayin da shekaru suka cinye. In 185/65 R15 ke ƙafarta, koma 195/65 R15 mai zurfin zane, ka sami ƙarin kusan milimita 6. Ana iya sa mata abin ɗagawa a kan shoka, amma kada ya wuce santimita biyu zuwa uku, in ya wuce shaf zai karkace, robarsa ta yage, ya fara ƙas-ƙas a kwana. A sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji ya kare botom filet, kaskon da baƙin mai ke zama, a bar ramin juye. A but ka ajiye shebur, igiya mai ƙarfi da guntun katako biyu. A hanyar gona ka ɗora taya ɗaya a kan doron, ɗaya a gefen hanya, kada ka bi cikin layin tifa. Ka shiga laka da gudu kaɗan wanda ba ya yankewa, giya a 2, ƙafa a tsaye. In taya ta fara wulwulawa, ɗaga ƙafa nan take, don kowane juyi rami take haƙa wa kanta. In an kwana ana ruwa, jira rana ta ɗaga, ko ka ajiye mota a bakin kwalta ka hau babur. Ranar kwaso amfani kuma ka ɗauki hayar akori-kura, ko RAV4 ɗin ma ba motar buhu ashirin ba ce. Wani abin kuma, mota mai ƙyalli a hanyar daji tana jan ido, ka fi ni sanin yanayin yankin.

Amsar za ta sauya in layin gidanku kansa ne ke zama caɓi daga Yuni zuwa Oktoba, ko gonar ce sana'arka kana shiga sau biyu-uku a sati, kuma aljihunka zai ɗauki taya huɗu a lokaci ɗaya ba tare da an taɓa kuɗin makaranta ba. A nan AWD ta cancanci kuɗinta, kuma RAV4 ta wannan zamanin zaɓi ne mai kyau: injinta ba turbo, giyarta ba CVT ba, tana jure fetur ɗinmu fiye da sababbin da suka biyo baya.

In ka yanke shawarar karɓa, kada ka biya sai an hau da ita rami. Ka ga farfela da idonka, ka ga aksil, ka ga shaf biyu suna shiga tayoyin baya. A takardar ginshiƙin ƙofa lambar ƙira ASA44 ita ce mai AWD, ASA42 jan gaba ce kawai, ko me aka manna a but. A kwance kusar cika aksil da ta tiransifa a tsoma yatsa: mai ya kai baki, kuma ba fari ba, ba mai ƙyallin garin ƙarfe ba. A duba salansa ko an farke an kwashe abin da ke tace hayaƙi, wanda makanikai ke kira indomi, an mayar da walda. Ka kunna makulli ba tare da tada inji ba: fitilar inji, ta ABS, ta jakar iska da ta AWD duk su kama, sannan su mutu bayan an tada. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ko an liƙe ta. A sa na'ura a karanta dukkan kwamfutocin motar, ba ta inji kaɗai ba. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarafan ƙarƙashin kujera; tsatsa da busasshiyar laka a nan alamar motar ambaliya ce, kuma irinta ba ta gama warkewa. Lambar jikin mota mai harafi 17 a bincika tarihinta a intanet, takardar kwastan kuma a tabbatar da ita kafin kuɗi ya fita.

Sai tuƙi. A fili mai kwalta ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka yi da'ira a hankali, dama da hagu. Kada ka ji baya na tirjewa ko gurnani. A hanya ka riƙe ta tsakanin 40 da 80 da ƙafa mara nauyi. In ta yi karkarwa kamar ka hau ƙananan kunya, cutar giyabos ce da aka sani a wasu na 2013 zuwa 2015, gyaranta da tsada. A 80 ka kashe rediyo ka saurari baya. Daga nan ka nemi yashi, ka tsaya a kai, wani ya tsaya a gefe, ka taka: ya ga tayar baya ta watsa ƙasa. In duk ta tsallake, a satin farko a juye baƙin mai, man tiransifa da na aksil, a duba na giya a wajen mai na'ura, kuma tun wajen ciniki ka sa dillalin ya rage kuɗin taya huɗu, don da wuya tokumbo ta iso Kaduna da huɗun iri ɗaya.